Daga Legas Zuwa Cape Coast Da Ƙaramin Guzuri: Jagorar Miji Da Mata

Sai da muka shekara shida da aure kafin in ga teku da idona. Duk ranar da maganar fita waje ta taso, maigidana zai ɗauko waya ya duba kuɗin jirgin Dubai ko na Istanbul, ya ja tsaki, mu koma lissafin kuɗin makarantar yara. Wani abokinsa da ke zuwa Kwatano saro atamfa ne ya ce masa, "Kai Malam, ƙasar waje ai ba sai da jirgi ba." Daga wannan maganar muka yi kwana goma sha biyu a bakin gaɓar teku, muka ratsa Jamhuriyar Benin da Togo da Gana, duk a mota, babu biza ko ɗaya. Ga yadda za ku yi irinta, da inda muka yi kuskure don kada ku maimaita.

Mataki na farko: takardu, tun da sauran wata biyu

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shiga sauran ƙasashenta ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Abin da ake buƙata shi ne fasfo, ko kuma takardar tafiya ta ECOWAS da hukumar shige da fice ke bayarwa, wadda ta fi fasfo sauƙin kuɗi. In kuna da niyyar Umara ko Hajji nan gaba, ku daure ku yi fasfon gaba ɗaya, ku huta.

Na biyu shi ne katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda kowa ke kira yalo kat. Kada ku raina shi, domin a kan iyaka an fi tambayarsa fiye da komai bayan fasfo. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, saboda haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya bai yi komai ba. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Ku je ofishin lafiya na tashar jirgi ku yi ta gaske, ku bar masu cewa za su kawo muku kati har gida.

Ku ɗauki hoton kowace takarda a wayoyinku duka biyun, ku kuma yi kwafi ku saka a wata jaka daban. Mun tafi da takardar shaidar aure, ba wanda ya nemi ganinta, amma ba ta da nauyi.

Mataki na biyu: zaman lissafi

Wannan ne matakin da ma'aurata suka fi tsallakewa, kuma shi ne yake haifar da fushi a tsakiyar hanya. Kafin a sayi tikiti, a zauna a faɗi adadin kuɗin da ake da shi da baki, kowa ya ji. Mu mun kasa namu gida biyar a cikin ambulan: mota, masauki, abinci, shiga wurare, da tsaraba. Sai na shida da muka sa wa suna "ko-ta-kwana", wanda ya isa ya dawo da mu Kano daga ko'ina muke, kuma muka yi alkawarin ba mai taɓa shi don sayen atamfa. Ni aka yi wa wannan dokar, na sani.

Abin da na gane bayan mun dawo shi ne, kallon gari da zama a bakin teku ba su cin kuɗi. Masu cin kuɗi biyu ne: yawan sauya gari, da ɗakin kwana. Duk ranar da kuka ɗaga jaka, sai kun biya mota, kun biya mai kai ku tasha, kun ci abincin hanya mai tsada, kun kuma kama ɗaki a gajiye ba ƙarfin yin tayi. Don haka gara garuruwa huɗu a zauna a tsanake da garuruwa takwas a guje. Namu tsarin: kwana uku Kwatano, biyu Lome, uku Akra, uku Cape Coast, ɗaya na dawowa Legas.

Benin da Togo kuɗinsu ɗaya, sefa, irin ta Nijar. Gana kuma sidi. Ku canji sefarku tun daga Wapa in kuna Kano, ku roƙi mai canjin ya haɗa muku da ƙananan takardu na 500 da 1,000 da 2,000, domin a can neman canjin takardar 10,000 aiki ne, kuma yagaggiyar takarda ba a karɓa. Sidi kuma ku canji kaɗan a kan iyaka, na mota da ruwa, sauran ku bari sai kun shiga Akra. Kada ku dogara da katin banki kaɗai. Kuɗin kuma a raba shi, rabi a jikin miji rabi a jikin mata. Ni ɗinkin aljihu na yi a cikin siket ɗina na ciki.

Batun lokaci: damina a gaɓar teku ta fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta kuma ɗan dawo a Satumba da Oktoba. Disamba kuwa Akra cika take da baƙi masu zuwa hutun ƙarshen shekara, masauki ya yi tashin gwauron zabi. Nuwamba, ko tsakiyar Janairu zuwa Maris, su suka fi dacewa da mai ƙaramin aljihu.

Mataki na uku: haɗa kaya

Jaka ɗaya kowa, wadda zai iya ɗauka da kansa ya hau babur da ita. Ƙaramar buta, dardumar salla marar nauyi, gidan sauro mai naɗewa, maganin zazzaɓi da na gudawa, silifas na roba. Soket ɗin Benin da Togo irin na Faransa ne, mai rami biyu zagayayyu, don haka cajarku mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da adafta. Gana irin namu ne. Na tafi da dambun nama da yaji da garin kunu, kuma sun cece mu a safiya fiye da ɗaya.

Mataki na huɗu: tsallaka iyaka

Daga Legas motocin Seme, wato iyakar Najeriya da Benin, suna tashi a Mile 2, su bi ta Badagry. Ku fita bayan sallar asuba. Hanyar ba ta da tsawo, amma shingayen bincike da cunkoso suna iya cinye rabin yini. Akwai kamfanonin manyan motoci da ke tafiya kai tsaye har Akra, su karɓi fasfon fasinjoji su buga musu hatimi a kowace iyaka. Wannan ya fi kwanciyar hankali, sai dai ya fi tsada, kuma za ku wuce Kwatano da Lome ta taga. Shawarata: ku tafi guntu-guntu, ku dawo da babbar mota.

A kan iyaka dokokina uku ne. Kada fasfo ya bar hannunku zuwa hannun wanda ba ya cikin kaki kuma ba ya bayan tebur. Ku tabbata an buga hatimin fita na ƙasar da kuka baro da na shiga na wadda kuka shiga, ku duba da idonku kafin ku matsa, domin rashin hatimi ɗaya zai zame muku ciwon kai a iyaka ta gaba. Sannan ku tsallaka da rana. Samari za su yanyame ku da "zo in wuce da kai ta baya, ba sai an buga ba". Ku ce musu kun gode.

A ɗaya daga cikin iyakokin, wani jami'i ya juya fasfona ya ga babu hatimi ko ɗaya, ya ce sabon fasfo sai an biya kuɗin buɗe shi. Maigidana ya fara ɗaga murya, na taɓa hannunsa na ce, "Malam, bari." Na gaishe da mutumin da kyau, na tambaye shi ko zai ba mu rasit. Muka tsaya gefe kamar minti ashirin muna kallon juna. Daga ƙarshe ya buga ya miƙo. Ba kullum ake dacewa haka ba, shi ya sa ya kamata ku ware 'yan ƙananan kuɗi a aljihu daban, kada a ga kuna zaro damin kuɗi. Amma faɗa bai taɓa saurin buga hatimi ba.

Mataki na biyar: Kwatano, da sirrin zango

Daga Seme zuwa cikin Kwatano tafiya ce ta ƙasa da awa ɗaya in hanya ta yi kyau. Ƙananan motocin haya na can suna ɗaukar mutum biyu a gaba, huɗu a baya. In ba ku son a matse matarku da wani ƙato, ku biya kuɗin kujerun gaba biyu ta zauna ita kaɗai, ko ta zauna jikin ƙofa miji ya tare ta. Wannan ƙarin kuɗi ne da ban taɓa yin da-na-sanin biyansa ba.

Ga abin da ya sa tafiyar nan ta fi wa Bahaushe sauƙi fiye da kowa: kowane gari a hanyar yana da zango. Da kun sauka ku ce wa mai babur ya kai ku Zongo. Masu baburan Kwatano ana kiransu zemijan, ko zem a taƙaice, rigarsu ruwan ɗorawa ce mai lamba a baya, kuma a yi ciniki kafin a hau. A unguwar Zongo akwai babban masallaci, akwai masu shayi, masu tsire, 'yan canji, kuma za ku yini ba ku buƙaci Faransanci ba. Ku yi salla, maigida ya gaisa da dattawan ƙofar masallaci, ya tambayi masauki mai mutunci mai sauƙin kuɗi. Haka muka samu ɗakin da babu shi a kowace manhaja.

Sai dai a kula da ƙidaya. Yawancin masu Hausar nan da dala suke lissafi, irin na Nijar, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. In mai shayi ya ce "ashirin", sefa 100 yake nufi. In ya ce "ɗari", 500 ke nan. Jaka ɗaya kuma 1,000. Maigidana ya miƙa wa mai nama sefa 200 da aka ce masa "ɗari biyu", mutumin ya dube shi ya dubi kuɗin ya ce, "Alhaji daga Najeriya ko?"

Game da masauki, daren farko kawai za ku kama ta intanet, don kada ku iso da dare kuna yawo da jaka. Washegari ku zaga da ƙafa. Ɗaki mai fanka ya fi mai na'urar sanyaya ɗaki sauƙi nesa ba kusa ba, kuma iskar teku tana taimakawa da dare. Kafin ku biya ku shiga ku buɗe famfo, ku ɗaga zanin gado, ku duba sakatar ƙofa, ku leƙa ko akwai mashaya a jikin katanga. Ku ce kwana uku za ku yi, a rage muku. Da rashin tayi akan bar arha.

Abin gani a Kwatano: dogon mutum-mutumin jarumar tsohuwar masarautar Dahomey mai tsawon mita 30 da aka ƙaddamar a 2022, kallonsa kyauta ne, da yamma wurin cike yake da iyalai. Sai bakin tekun Fijirose, inda za ku sayi ɗanyar kwakwa a fasa muku. Yini ɗaya ku ba Wida, kilomita 40 yamma da Kwatano, ku bi hanyar nan ta kilomita huɗu da aka riƙa kora bayi zuwa jiragen ruwa, har ƙofar tunawa da aka gina a bakin ruwa a 1995. In da sauran kuɗi, akwai Ganbiye, garin da aka gina bisa turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe. Daga Kalabi ake hawa kwalekwale, kuma in kuka jira wasu baƙin kuka haɗu a jirgi ɗaya, kuɗin kowa zai ragu.

Mataki na shida: yadda ake zama da teku

A nan zan daɗe, domin yawancinmu 'yan Arewa ba mu iya ruwa ba, wanda ya iya ma iyon kududdufi ko dam ya iya. Tekun wannan gaɓa ba abin wasa ba ne. A Kwatano da Lome yashin gangare ne, taku uku ka shiga sai ka ji ƙasa ta ɓace, igiyar kuma in ta koma tana jan ƙafa da ƙarfin da ba za ka zata ba. Duk shekara tana cin mutane, har da waɗanda suka iya. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Ku tsaya inda ruwa bai wuce ƙauri ba. Kada ku juya wa teku baya don ɗaukar hoto; haka igiya ta kwashe mini takalmi ƙafa ɗaya, ta jiƙa ni har ƙugu, ina tsaye ina gyara mayafi. Doguwar riga da hijabi in sun sha ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafa, saboda haka mace ta fi buƙatar yin nesa-nesa. In kun ga wani wuri a cikin ruwan ya yi lumui, babu kumfa, kamar hanya ta ratsa tsakanin igiyoyi, wannan ne mafi haɗari, nan ruwa ke komawa ciki da gudu. Wanda tsautsayi ya sa ruwa ya ja shi, kada ya yi kokawa da shi yana neman tudu kai tsaye, ya bi ta gefe har ya fita daga jan, yana ɗaga hannu. Kuma ku tambayi masunta, su suka san wurin.

Wanda yake son sakewa da iyalinsa ba kiɗa ba 'yan giya, ya je da safe a ranar aiki. Asabar da Lahadi da yamma wurin na masu shagali ne. Mu mukan fita bayan asuba da shayi a filas, mu zauna mu kalli masunta ashirin ko talatin suna jan koma ɗaya da waƙa. Bayan magariba kuma ku bar bakin ruwa, musamman inda ba fitilu. Waya da kuɗi kaɗan kawai za ku fita da su.

Mataki na bakwai: Lome

Daga Kwatano zuwa Lome kusan kilomita 150 ne, ta iyakar Hilakonji. Da kun shiga Togo ku mayar da agogo baya da awa ɗaya, haka zai zauna har Gana, kuma ku sabunta lokutan salla a waya. Tunda ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ɗaya ba, hukuncin kasaru yana kanku. Ku tambayi malaminku kafin ku taso. Lome ƙaramar birni ce mai daɗin yawo da ƙafa: babbar kasuwar Asigame ta masu atamfa, tsohuwar majami'ar da Jamusawa suka gina a gefenta, da dogon titin bakin teku mai itatuwan kwakwa. Zangonsu yana can arewacin gari, a Aguwe. Kwana biyu sun isa. Iyakar Gana kuwa a ƙarshen titin bakin tekun take, da ƙafa za ku taka ku shiga Aflawo.

Mataki na takwas: Akra da Cape Coast

Daga Aflawo awa uku zuwa huɗu ne zuwa Akra, garin da tsofaffinmu ke kira Ankara. Fasfo ya zauna kusa, ana tsayar da mota a duba a hanya. Ku nemi masauki kusa da Nima ko Mamobi ko Madina. A nan ne kuɗin abinci ya faɗi warwas, domin abincin titi na Akra rabinsa namu ne da ya sauya suna: koko da ƙosai da safe, wace da rana, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi, a zuba mata taliya da garin rogo da baƙin yajinsu shito, da dare kuma tuwon zafi. Wata mai koko a Nima ta dube ni ta ce, "Hajiya, ka zo lafiya? Kana son sikari?" Na waiga ina neman namijin da take yi wa magana. Hausar Gana ba ta raba mace da namiji, kwana biyu sai kunne ya saba. A wajen zango kuwa ku tambayi naman da ke cikin miya kafin a zuba, ko ku tsaya a kan kifi. Banku da gasasshiyar karfasa ba ya ba da kunya.

Ku daidaita tafiyar Juma'a ta same ku a Akra, ku yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ginin Turkawa mai hasumiya huɗu. Sauran kwanakin: dandalin tunawa da Kwame Nkrumah, filin 'yancin kai, kasuwar Makola, da tsohuwar unguwar masunta ta Jamestown. Bakin tekun Labadi sai an biya kuɗin shiga kuma hayaniya ta yi yawa. Ni ban ga abin da ya fi na kyauta ba. Motar haya ta gari sunanta tirotiro, ita ce mafi arha, yaron mota yana kiran unguwanni da baki da alamar hannu. Da dare ku kira mota ta manhaja.

Motocin Cape Coast a Kaneshi suke lodi. Kilomita 150 ne ko ƙasa da haka kaɗan, amma cunkoson Kasuwa (sunan garin ke nan, kuma daga Hausa ya samo shi) yana iya ƙara muku awa guda, don haka a yi sammako. Cape Coast ce na fi so a duk tafiyar. Gari ne ƙarami, masauki ya fi na Akra sauƙi, teku tana ƙarƙashin tagarka. Ku shiga gidan kurkukun bayi na Cape Coast da na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, tsakaninsu tafiyar minti ashirin. Baƙo yana biyan fiye da ɗan ƙasa, kuma kuɗin ya haɗa da mai zagayawa da ku. A ɗakin da aka tsare mata a Elmina, mai zagayawar ya sa muka yi shiru. Iska ba ta shiga sai ta wata 'yar kafa. Maigidana, wanda bakinsa bai huta ba tun daga Seme, bai sake cewa uffan ba har muka hau mota. In ku biyu ne kawai kuma kuɗi ya ja baya, ɗaya daga cikin gidajen ya isa. Ni Elmina zan zaɓa, saboda tashar masunta da ke gabansa, cike da jiragen katako masu fenti da tutoci. Kada ku je kallon masunta ranar Talata, ba sa fita a ranar.

Dajin Kakum yana da nisan kilomita 30 daga Cape Coast, inda ake tafiya a kan gadojin igiya bakwai da aka ɗaura a saman dogayen bishiyoyi. Ku isa da an buɗe, kafin motocin 'yan makaranta. Mai jin jiri ya ajiye kuɗinsa.

Mataki na ƙarshe: dawowa

Daga Cape Coast sai kun koma Akra. Ku sayi tikitin babbar motar Akra zuwa Legas kwana biyu kafin ranar, don ku samu kujeru biyu a jere. Tafiyar yini guda ce cur, iyaka uku, don haka ku shiga da ruwa da abinci, kuma kada ku sayi tikitin Kano na wannan daren, ku bar kwana ɗaya a tsakani ko da mota ta makara. Tsaraba a bari sai kwana biyun ƙarshe, in ba haka ba za ku yi ta jan ta daga iyaka zuwa iyaka. Cakulan ɗin Gana, man kaɗanya, shito a kwalba mai murfi da aka naɗe da leda biyu, da atamfa turmi biyu ko uku, ba adadin da zai sa kwastan su ɗauke ku 'yan kasuwa ba. Sidin da ya rage ku kashe shi ko ku canza kafin ku bar Aflawo. Sefa kuwa ku dawo da ita, 'yan Wapa za su karɓa.